Me ya sa Hangama Amiri take ɗinki maimakon zane da fenti?

Malama, kin tambayi me ya haɗa ƙyallaye da labarin matan Afganistan a aikin Hangama Amiri, mai zane 'yar asalin ƙasar.

Iyayenta sun tsere da ita daga Kabul a 1996 da Taliban suka karɓi mulki, suka yi ta yawon gudun hijira kafin su sauka Kanada a 2005. Ta karanci zane har Jami'ar Yale da ke Amurka, amma ta koma kan allura da zare, sana'ar da aka bar wa mata a cikin gida. Da guntayen yadi take ɗinka kasuwa, shagon kwalliya, da mata suna hirarsu.

Kada ki ɗauka komai kukan zalunci ne. Akwai ado da kewar gida a ciki. Rubutun da ke jikin allunan shagunan kuwa, ki nemi mai jin Farisanci ya karanta miki, don hoto kaɗai ba ya isa.