Ku Tambayi Anti: Dusar Ƙanƙarar da Ake Ci

Tambaya: Anti, sannu da aiki. A Toronto nake zaune, 'yata tana da shekara huɗu. Malamarsu ta ce kafin hutun Disamba kowace uwa ta zo da wani abin ci mai siffar ƙwayar dusar ƙanƙara, wanda yara za su haɗa da hannunsu. Sauran iyaye marshmallow, wata farar alewa mai laushi, suke sokawa a tsinken biskit, ni kuwa hankalina bai kwanta da shi ba. Me zan yi?
Wata uwa daga Kanada

Amsa: Ƙanwata, kin yi daidai da kika tsaya. Yawancin marshmallow na shagunan can da jelatin ake yi, wato sinadarin danƙo daga fata ko ƙashin dabba, galibi na alade, sai wanda aka rubuta halal a jikinsa. Ga danƙo, yana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Ki bar shi kawai.

Ki sayo tortilla ta fulawa, gurasar nan ta mutanen Meziko mai faɗi da rashin kauri. Ita ma ki karanta bayan ledar, don akwai masu sa kitsen alade. Ki ɗumama ta a kasko kaɗan ta yi laushi, in ba haka ba tsagewa za ta yi wajen ninki.

Ninkin nan shi ne aikin. Ki ninka ta biyu ta zama rabin wata, sannan ki sake ninkawa gida uku, kamar ƙunshin gyaɗa a takarda. Ki datse kusurwa biyu na bakin nan mai faɗi, ki bar tsini a tsakiya. In an buɗe, tsini shida za su fito, kuma haka ƙwayar take a zahiri: ruwa in ya daskare a sararin sama, kusurwa shida yake jeruwa. Wani manomi a jihar Vermont ta Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hoton ƙwayoyin dusar ƙanƙara a 1885, ya ɗauki sama da 5,000 kafin ya rasu. Ki nuna wa yaran hotuna biyu ko uku a waya, su ƙirga da yatsa.

Sauran yankan na yarinya ne. Ki ba ta almakashin yara da aka wanke, ta ciccire gefe-gefe yadda ta ga dama. Don Allah kar ki karɓe ki gyara mata. Na yi wannan da jikata a wani hunturu da na je musu. Yankanta duk a karkace, amma da ta buɗe sai ta yi shiru, ta ɗaga ta saitin taga tana leƙen haske ta ramukan, har na ɗauka ta manta abin ci ne.

A shafa narkakken bota, a sa a obin mai zafin 350 na Fahrenheit, ma'aunin da ke jikin obin ɗinku na can, minti shida zuwa takwas, sai gefen ya fara ja. Wannan aikin manya ne, ba na yara ba. In ta huce, a zuba garin sukari a rariyar shayi, yara su riƙa bubbugawa yana sauka fari fat. Ni ina ƙara kirfa kaɗan.

Kar ki kai gyaɗa ko wani abu mai gyaɗa. Makarantu da yawa a Ontario, lardin da Toronto take, sun hana, saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta. Ki kuma tambayi malamar ko akwai wanda ba ya cin alkama ko madara. In ba obin a makarantar, su yanka a aji, a sa wa kowa tasa a leda ya kai gida a gasa.