Kayan da Mai Fara Aski da Aska Yake Buƙata

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kamata mutum ya tanada idan zai bar reza ya koma aske gemunsa da aska mai naɗewa, da kuma ko lalle ne ya sayi duwatsun washi tun daga farko. Na daɗe ina amfani da ita, kuma a ganina abubuwa huɗu sun isa: aska, fatar gyaran bakin aska, buroshi da sabulun aski.

Ka nemi aska mai faɗin 5/8 na inci wadda kanta yake a zagaye, domin mai kusurwa tana saurin tsaga fata a gefen kunne da ƙasan hanci. Dovo da Böker, waɗanda ake ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus, da Thiers-Issard ta Faransa, duk ƙarfensu yana da kyau, sai dai sunan kamfani kaɗai ba ya aske gemu. Sau da yawa sabuwar aska takan fito daga masana'anta da kaifin da bai kai na aski ba, saboda haka ka tabbatar ƙwararre ya wasa ta kafin ta taɓa fuskarka. Wanda bai taɓa jin yadda aska mai cikakken kaifi take tafiya a kan fata ba, idan ta fara fizgar gashi, ba zai iya gane ko hannunsa ne yake da matsala ko bakin askar ba. Wannan ne ya sa nake cewa ka jinkirta sayen duwatsu. Washi ilimi ne mai zaman kansa, ana bi daga dutse mai lamba 1000 zuwa 4000 da 8000, wasu har 12000 (yawan lamba, yawan laushin dutsen), kuma askar da ake kula da ita takan yi watanni ba ta nemi dutse ba.

Fatar gyaran bakin kuwa ba ta cin ƙarfe kamar dutse. Aikinta shi ne miƙar da siririn bakin da ya ɗan lanƙwashe. Kafin kowane aski za ka ja askar a kanta kamar sau 40 zuwa 50, a kwance, bayanta yana gaba baki yana biye, kuma a kan bayan za ka juya ta, ba tare da dannawa ba. Ka sayi mai araha, domin da wuya ka ga ɗan koyon da bai yanki fatarsa ta farko ba. Mai faɗin inci 3 ta fi sauƙi, tunda tana ɗaukar bakin gaba ɗaya.

Buroshi mai gashin roba ya wadatar. Sabulun ne ba na son a yi wasa da shi, domin kumfar gwangwani takan bushe kafin sabon hannu ya gama kunci ɗaya, alhali aska tana son santsi. Ka ajiye guntun alimun a kusa saboda ƙananan yanka.

Akwai kuma irin askar da ake saka wa rabin reza, ba ta buƙatar fata ko dutse. Tana da araha, amma ni na same ta da saurin yanka fiye da aska ta ainihi. Kowacce ka zaɓa, ka riƙe ta a karkace kamar digiri 30, ka bi kwanciyar gashi, musamman idan gemunka mai murɗewa ne da ke jawo ƙuraje. Idan ka gama, ka shanya askar sosai, ka shafa mata ɗan mai, domin yawancinsu ƙarfensu mai saurin tsatsa ne.