Shin N-Power aikin gwamnati ne na dindindin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya shiga N-Power ya zama ma'aikacin gwamnati. A'a, bai zama ba. Gwamnatin Buhari ce ta ƙaddamar da shirin a 2016, tana biyan masu digiri alawus na naira 30,000 a wata, galibi su koyar a firamare ko su taimaka a asibitocin karkara da harkar noma. Wa'adin shekara biyu aka tsara, babu fansho, babu ƙarin girma. Rukunin farko mutum 200,000 ne, kuma da aka sallame su a 2020 bayan an tsawaita wa'adinsu, da yawa sun koma gidan jiya. An dakatar da shirin a 2023, amma shawarata, in an dawo da shi ka samu, ka riƙa ware wani abu daga alawus ɗin, ka haɗa jarin sana'a tun kafin wa'adin ya cika.