Zanen akwatuna da kibiyoyi bai isa ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zanen da kuka yi a allo ya isa ya tabbatar cewa manhajar asibitin da kuke ginawa a Tarauni ba za ta fallasa bayanan marasa lafiya ba. Gaskiya bai isa ba. Kibiya kowa da yadda zai fassara ta, kwamfuta kuwa ba ta iya bincikarta.

Abin da ake yi shi ne a rubuta tsarin da harshe mai tsayayyun ƙa'idoji, irin AADL, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar a 2004. Za ka fayyace kowane sashe, ƙofofin shigarsa da fitarsa, da duk hanyar da bayani ke bi. Sannan ka ba kowane bayani matakinsa: sakamakon gwajin jini sirri ne, lokacin buɗe asibiti na kowa ne. Sai a auna tsarin da ƙa'idar Bell da LaPadula ta 1973: sashen da ke matakin ƙasa ba ya karanta bayanin matakin sama, na sama kuma ba ya zuba wa na ƙasa bayani. Manhajar OSATE, wadda ake rubuta AADL da bincikarsa da ita, kyauta ce, da ita za ka fara.

A nan ake kama ɓaraka tun ba a rubuta ko layi ɗaya na manhajar ba. Ɗauki sashen tura saƙon tunatarwa. Idan yana da hanya zuwa rumbun sakamakon gwaji, wata rana sunan cutar Hajiya zai faɗo wayar da yaran gida ke wasa da ita. Wannan shi ya fi damuna, domin mutuncin mutum ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Sai dai wannan bincike, tsarin da aka rubuta kawai yake tantancewa. Dole ku riƙa duba cewa abin da masu rubuta manhajar suka gina bai kauce masa ba.