Tsohon bututun ruwan gidanmu, ko akwai dalma a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ni uwar yara uku ce, muna zaune a tsohon gidan surukina a Rafindadi cikin Katsina, bututun gidan tun zamanin mahaifinsu maigida. Na ga wani bidiyo a Facebook wai a Amurka ruwan famfo ya lalata ƙwaƙwalwar yara saboda dalma. Mu ma haka ne? Kuma in na tafasa ruwan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yaran. Bari in fara da tafasawar don ita ta fi damuna. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma ko kaɗan, hasali ma ruwan ne ke tafiya a tururi dalmar ta zauna ta ƙara yawa a ɗan abin da ya rage a tukunya. Alif ɗin da muke jefawa a randa shi ma laka yake kwantarwa, kar ki dogara da shi. Kuma dalma in ta narke a ruwa ba ta da launi ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, ruwa garau kamar hawaye zai iya ɗauke da ita.

Bidiyon da kika gani kusan tabbas garin Filint ne a jihar Mishigan. A 2014 suka koma ɗibar ruwan kogi ba su sa maganin da ke hana bututu cinyewa ba, ruwan ya riƙa kankare tsofaffin bututun dalma yana kai wa mutane har cikin kofi. To mu nan, a yawon aikina cikin gidajen birni da wuya in ci karo da bututun dalma zalla. Abin da na fi gani shi ne tsohon bututun ƙarfe mai rufin zinki, da kan famfo na tagulla, da dalmar da aka yi liƙi da ita a mahaɗa, kuma duk ukun nan suna iya sakin 'yar dalma cikin ruwa. Ba daga dam ɗin Ajiwa da ke ba Katsina ruwa matsalar ke tasowa ba galibi, daga bakin titi zuwa bakin famfonki take.

Ga yadda za ki gane naki. Ki samu maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ki je inda bututun ya shigo gida. In ya manne to ƙarfe ne. In bai manne ba ki kankara da makulli, dalma taushi gare ta, toka-toka ce a waje amma wurin da kika kankara zai yi ƙyalli kamar azurfa. In ja-ja ya fito jan ƙarfe ne, sai a duba liƙin mahaɗarsa.

Abin da ya sa nake ɗaukar tambayarki da gaske shi ne yadda ruwanmu ke zuwa. Sai a yi kwana da kwanaki famfo na huci kawai, ɗan ruwan da ya maƙale a bututu yana kwance yana jiƙa ƙarfe, ranar da aka kawo kuma kowa na rige-rigen tara bokiti, wannan na farkon mai ja-ja shi ake fara cika randa da shi. Don Allah ki daina. Ki bar shi ya zuba 'yan mintuna har ya washe ya yi sanyi, ki yi wanki ko shara da na farkon, na sha da girki da kunun yara da madarar jariri a tara daga baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma mikrogiram 10 (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace litar ruwan sha, amma ita da kanta ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa. Yara ƙanana da masu ciki ta fi yi wa ɓarna, tana dakushe basira a hankali ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Mun ga mafi munin ɓarnarta a maƙwabtanmu Zamfara a 2010, a Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, duk da can ƙurar dutsen zinariya mai dalma ce ba bututu ba. Wallahi har yau in na tuna jikina sanyi yake.

Tunda kin ce yara, ki duba kwallin da ake sa wa jarirai, na dutse mai ƙyallin nan asalinsa dalma ne, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Haka in akwai mai fasa tsohon batirin mota kusa da ku kar su yi wasa a ƙasar wurin.

In da hali ku ɗebi ruwan farko na safe da wanda ya zuba, kwalba daban-daban, a kai ɗakin gwaji a ce takamaimai dalma ake so a auna, don gwajin ƙwayoyin cuta ba ya nuna ta. In an samu, ki zauna da maigida a kira mai gyaran famfo ya canza layin daga titi har ciki da bututun roba mai inganci na ruwan sha, a canza kan famfon, sannan a kai yaran asibiti ki roƙi likita a gwada jininsu.