Amsa ga yarona kan rumfar a-kori-kura da gilashin baya mai zugewa

Ka tambaye ni, ɗana, ko ɗora rumfa a bodin a-kori-kura yana taɓa gilashin nan mai zugewa da ke bayan direba, kuma ko za a iya matso da rumfar ta manne da kan motar domin kada ruwan sama ya riƙa zuba tsakaninsu. Ka ce mai Toyota Tacoma ɗin da ke jiranmu a gareji ne ya nemi haka, kuma a ganinka abin da kwastoma yake so shi ake yi masa. Da wani abu dabam ka tambaya, da na ce ka je ka zuba ido ga manyanka a wurin aiki, amma wannan tambaya ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba, saboda haka zan amsa maka a rubuce, ka karanta ka adana.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka shi ne cewa kan mota dabam, bodi dabam, ko da yake shasi ɗaya ne yake ɗauke da su. Kan yana zaune ne bisa robobi masu kauri, shi kuwa bodi an ɗaure shi ga shasi da nasa kusoshin, kuma duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami sai shasin ya ɗan murɗe, kan ya karkata gefe guda, bodin ya karkata ɗaya gefen. Idan kana shakka, ka hau da taya ɗaya ta baya bisa bulo, ka koma gefe ka dubi layin rufin kan da layin bakin bodi, za ka ga sun saɓa. Rumfa kuwa a bakin bodi take zama, duk inda bodi ya yi can za ta yi, kuma ta fayiba ma kan kai kilo 70 zuwa 100, balle irin tamu ta ƙarfe. Ratar da kake gani tsakanin rumfa da gilashin baya ita ce filin da aka bar wa wannan motsi. A wurina ba ta gaza faɗin yatsu biyu, a sama da ƙasa da kowace kusurwa, kuma babu wani abu mai tauri da ake yarda ya haɗa su.

Shi gilashin baya irin wanda aka gasa ne da zafin da ya haura digiri 600 sannan aka sanyaya shi da sauri, shi ya sa yake jure duka a tsakiya amma ba ya jure taɓi a baki. Ba a yanka shi, ba a huda shi, kuma idan ƙarfe ya ciji gefensa ba tsagewa yake yi ba, rugujewa yake yi gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Mai zugewa ya fi mara zugewa rauni, domin gilasai uku ne ko huɗu a cikin firam ɗaya, ga layin da na tsakiya yake bi, ga robobi, wasu kuma ga ƙaramin inji da wayar ƙarfe da ke jan sa idan an danna maɓalli.

Wani ɗan kasuwa da ke kai kayan gwari daga kasuwar Mile 12 a nan Legas zuwa otal-otal na Victoria Island ya taɓa kawo mini Tacoma tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, sabuwar fitowa daga tashar Apapa, mai gilashin lantarki. Ya ce yana son rumfar alminiyon a kan firam ɗin ƙarfe, da ƙaramar taga a gaba daidai saitin ta motar. Ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, na yi masa aikin da har makwabtanmu Yarabawa masu fenti sai da suka zo kallo. Ranar karɓa ya zagaya motar, ya sa hannu cikin ratar, ya ce shi wannan ramin bai yi masa ba, yana so a haɗe tagogin biyu domin sanyin cikin mota ya riƙa ratsawa zuwa ga latas da tumatir. Na yi masa bayanin da na yi maka yanzu, na ce idan dole ne sai dai a sa robar nan mai naɗi wadda take miƙewa tana lanƙwasa, kuma sai an jira an samo ta. Ya ce ya ji, ya rantse cewa ranar Juma'a zai kawo ciko. Domin mun saba haɗuwa a masallaci ɗaya a Agege, na miƙa masa makulli ba takarda ba shaida.

Juma'a ta wuce, wasu Juma'o'in suka bi ta. Can cikin damina sai ga shi da motar, an toshe bayan direba da leda da salatif, kujerar baya cike da ɓaraguzan gilashi, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya zo da wani ɗan uwansa mai kaki. Tun daga bakin ƙofa yake ɗaga murya cewa rumfata ta doki gilashinsa a hanyar Ikorodu, har ɓaraguzai sun yanki yaron motarsa a wuya. Na sa aka kawo fitila na leƙa. Rumfar tana nan inda na ajiye ta, maƙalanta ba su gusa ba ko da faɗin farce, ratar kuma tana nan yadda na bar ta. Amma a kewayen tagar rumfar sai ga jerin hujin rifet da ba ni na yi su ba, ga ragowar silikon baƙi a jikin firam ɗin gilashin motar, ga wurin da baki mai kaifi ya kankare fenti har ƙarfe ya bayyana. Duk wanda ya san aiki zai karanta abin da ya faru: ya je wurin wani mai walda na bakin titi an lanƙwasa masa kwano kamar akwati mara gindi, an kafe gefe ɗaya a rumfa, an cusa ɗaya gefen cikin bakin tagar mota, aka shafe da silikon. Da ya ɗauko lodi ya faɗa ramin farko mai zurfi, bodi ya murɗa, kwanon ya ciji bakin gilashin. Sai ya cire shi ya jefar kafin ya iso wurina.

Na nuna hujojin, ya ce ai da su na ba shi. Na juya ga yaron da ya riƙe mini rumfar ranar da muka ɗora ta, wanda ya san babu huji ko ɗaya a wurin, amma da ya ga kaki sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai iya tunawa ba. Dattawan garejinmu suka ja ni gefe suka ce baƙo a Legas ba ya jayayya da mai kaki a kan gilashi, in yi haƙuri a rufe magana. Haka na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo ina neman na Tacoma mai lantarki, kuma ba a sayar da na tsakiya shi kaɗai, sai dai ka ɗauki firam ɗin gaba ɗaya. Wayar da ke jan gilashin ita ma ta tsinke, na saya. Na biya mai sa gilashi. Kuɗin da na tara domin hayar shago ne suka tafi, ciko kuwa har yau ban ga ko kwabo ba. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, mutumin nan ya bi 'yan kasuwa yana cewa na fasa masa mota, kuma mutum biyu da suka riga suka yi magana da ni kan aiki suka janye. Har gobe idan na gan shi a sahun gaba sai zuciyata ta yi zafi. Daga ranar ne na kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta, cewa mota ba ta fita sai an ɗauki hoton kowace kusurwa ta rumfa da gilashi a gaban mai ita, kuma sai ciko ya shiga hannu.

Ko da an yi aikin daidai, ka sani tagar motar mai zugewa ta rasa yawancin amfaninta ranar da rumfa ta hau. Kafin rumfa, direba yana zuge ta iska ta ratsa motar. Bayan rumfa, idan tagar gaban rumfar a rufe take, abin da zai samu kaɗan ne daga iskar rata, tare da ƙura da feshin ruwa. Idan kuwa an haɗe tagogin biyu da roba, to iskar cikin bodi ce za ta shigo masa, domin mota mai gudu tana jan iska a bayanta, kuma idan aka ɗan sauke gilashin gefe sai cikin motar ya tsotso ta daga baya zuwa gaba. Gefunan ƙofar bodi ba a yi su don su toshe iska ba, ga bakin salansa nan kusa da su. Hayaƙin da zai biyo wannan hanya yana ɗauke da gubar nan da ke kashe iyali idan sun kwana da janareto a ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma cunkoson gadar Third Mainland ya isa ya tara ta a rufaffen bodi. Don haka duk wanda ya nemi haɗin, sai ka fara toshe kewayen ƙofar bodi da roba, ka duba salansa ko tana yoyo, ka kuma faɗa masa a gaban shaida cewa ba a ɗaukar mutum a cikin rumfa. Maganar sanyi ya isa ga tumatir kuwa ka cire masa ita daga rai, domin na'urar sanyaya motar an auna ta ne da girman kan mota, za ta yi ta wahala ne kawai shi ma ya rasa sanyin.

Robar mai naɗi ma tana da nata sharrin. Yashi yana shiga tsakaninta da fenti, motsin da na faɗa maka yana goga shi dare da rana, kuma iskar gishiri ta garin nan ba ta barin ƙarfe tsirara ya yi wata guda bai yi tsatsa ba. Sai an manna ledar kare fenti a duk inda za ta taɓa. Kada kuma ta danne layin gilashin ko ta toshe ƙananan hujojin da ke ƙasan firam, waɗanda ruwa yake fita ta cikinsu, domin idan sun toshe, ruwan watan Yuni zai cika layin ya gangara bayan kujera, mai mota ya zo yana cewa rumfarka ce take yoyo. Idan Toyota Tundra CrewMax ce, irin wadda aka fara fitarwa a 2007, gilashinta gaba ɗaya yake sauka ƙasa, saboda haka kada ka jingina komai a jikinsa.

Sai maganar wanki, wadda masu mota ba sa tunawa sai bayan wata biyu. Gilasai biyu suna fuskantar juna a cikin ratar da hannu ba ya shiga, ƙurar hunturu da laka suna taruwa, direba ya dubi madubi bai ga komai ba ta cikin gilashi uku, musamman idan na rumfar masu duhu ne. Maganinsa shi ne ka yi tagar gaban rumfa mai kwantawa ciki ko mai cirewa, yadda za a shiga bodi a goge duka biyun. Rumfa kuma tana rufe fitilar birki ta uku da ke saman kan mota, wadda dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan motoci tun 1994, don haka sai ka sa wata a bayan rumfar ka jona ta yadda ya kamata.

Awo da ɗaurin maƙalai da shimfiɗa roba a bakin bodi ba zan ɓata takarda a kansu ba, wanda bai iya su ba bai kamata ya riƙe tef a shagona ba. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne ku kalli bidiyon minti biyar a waya, inda Bature yake ɗora rumfar kamfani a kan titi mai santsi, sai ku ɗauka kun gama sani har kuna maganar a yaye ku. Mu sai da muka yi shekaru muna miƙa sufana kafin a yarda mu taɓa motar mutum, kuma babu wanda ya isa a cikinmu ya ce wa kwastoma to kafin maigida ya ji.

Gobe idan mai Tacoma ya zo, ka faɗa masa rumfa ba za ta matsa ba, ka hau da tayarsa bisa bulo ka nuna masa dalili da idonsa. Idan yana son haɗin, roba ce kaɗai, da ledar fenti, da toshe ƙofar bodi, kuma kuɗinsu dabam ne. Ka zuge gilashin ka rufe a gabansa kafin aiki da bayan aiki, ka ɗauki hoto. Idan ya ce sai an manne, ka karɓi kuɗin kayan da aka yanka, ka ba shi makullinsa, ka kira ni kafin ya tayar da motar.