Kwana a Tanti Cikin Dawa da Yara

Tambaya: Hajiya, 'ya'yana uku sun saba zuwa Gidan Zoo na Audu Bako, yanzu kuma maigida yana so mu kai su gandun namun daji na Masai Mara a ƙasar Kenya, mu kwana a tanti. Shin babu haɗari ga yara? Daga wata uwa a Gwale, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya kwanta, domin tantin da ake sauke baƙi a can ɗaki ne sosai, da gado da banɗaki a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne shinge, saboda wasu masaukan ba a kewaye suke ba, giwa ko dorina tana iya ratsawa da dare, shi ya sa ma'aikaci ke raka baƙo zuwa tantinsa bayan magariba. Ki zaɓi mai shinge, ki kuma tambayi shekarun da suke karɓar yaro kafin ku biya, tunda wasu ba sa karɓar ƙanana.

Daga Yuli zuwa Oktoba ne garkunan dabbobi ke tsallaka kogin Mara daga gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, kuma lokacin ne kuɗin masauki ya fi tsada. Ku tafi da katin rigakafin shawara da rigunan sanyi, don asubahin can akwai sanyi, ku kuma sanar da su tun wuri cewa abincin halal kuke ci. Ni dai zan so ku fara gwada yaran da Yankari ta jihar Bauci tukuna.